Wayar Da Okumu Ya Gudu Da Ita

Shafi na 19

Ku da kuka hana ni sakat da saƙo, ga shi nan. Kwana huɗu ina rubutawa ina gogewa. Wanda ya karanta ya ji haushina ya ji, ni ma haushin kaina nake ji.

*

Ranar Asabar ɗin da Okumu ya cika shekara guda a kabari, muna zaune ƙarƙashin rumfa a gidansu da ke Asembo, ana jiran Fasto ya yaye farin ƙyallen da aka lulluɓe gicciyensa da shi.

Mu tara muka zo daga Nairobi, cikin mutum ashirin da uku da ya tserar ranar da 'yan ta'adda suka shigo otal ɗin da muke aiki. Shi mai wanki ne a can ƙasan bene, ni mai gyaran ɗakuna a hawa na huɗu. An ba mu kujerun gaba kamar wasu manya. Ni kuwa da son samu ne, bayan banɗakin gidan zan je in zauna.

Kioko mijina yana gefena cikin rigarsa ta zuwa coci.

"Maman Ndanu, hannunki sanyi ƙalau. Ki sha ko shayi ne mana."

"Ba na sha."

"Tun Kisumu ba ki sa komai a cikinki ba."

"Na ce ba na sha, Kioko."

Wayar wani ta yi ƙara can baya. Ban san lokacin da na zame zan shige ƙarƙashin kujera ba, sai da Kioko ya riƙe kafaɗata. Shekara guda ke nan, duk wayar da ta yi ƙara kusa da ni sai fitsari ya nemi ƙwace min.

Sai ga Awiti, matar mamacin, da butar shayi a hannu. Ranar jana'iza mace ce cikakkiya. Yau ƙashin wuyanta kamar ka rataya kaya. Ta durƙusa gabana tana zuba shayin da ban nema ba, ta yi ƙasa da murya.

"'Yar'uwa, an ce ke ce ta ƙarshe da kika gan shi."

"Haka ne."

"Kin ji ta?"

"Me fa?"

"Wayar. Kin ji lokacin da ta yi ƙara?"

Na ce, "Harbi ya yi yawa ranar, Maman Tobi. Ban iya tantance komai ba."

"Sau goma sha huɗu na kira shi," in ji ta. "Ina ganin abin a talabijin. Sai daga baya na ji suna cewa kada kowa ya kira na ciki. Wa ya gaya min da wuri? Ni dai muryarsa kawai nake so in ji."

Ta tashi ta wuce, shayin ma ya cika ya zube a tire ba ta lura ba.

Ga waɗanda suka manta: a kan matakala aka tsinci gawar Okumu da waya a hannunsa, kuma wasu da suka ɓuya a kicin sun ce sun ji ƙarar waya kafin harbin. 'Yan sanda suka riƙe wayar don bincike, ba wanda ya gan ta a gidan. Shi ke nan dangi suka yanke hukunci, kiran Awiti ne ya nuna wa 'yan bindiga inda yake. Uwarsa ta daina cin abincin da surukarta ta dafa. Awiti da kanta ta jefa wayarta a masai, har yau ba ta sake taɓa wata ba.

Kioko ya bi ta da kallo, ya girgiza kai.

"Allah sarki, baiwar Allah. Ni ma fa na kira ki ranar. Da a ce taki ba ta cikin loka, ni da tuni na haukace."

Na ce, "Uhm."

To ku saurara, ku ne na farko da zan gaya wa. Wayata ba ta cikin loka.

*

Dokar otal ɗinmu ce, da ka shigo da safe ka sa kayan aiki, ka kulle wayarka a loka sai an tashi. Wanda shugabarmu Madam Nyokabi ta kama da waya a jikinsa, a ranar zai kwashe nasa ya nasa. Na ga an kori mutum biyu a kan haka.

Ranar 'yata Ndanu ta tashi da zazzaɓi, na bar ta da babanta. Raina bai kwanta ba. Na cusa wayar cikin rigar mama a ƙirjina, na ƙure ƙararta don in ji ko injin shara yana aiki. Ni kaɗai ce a hawa na huɗu, wa zai sani?

Ƙarfe uku da 'yan mintuna ginin ya girgiza. Gilashin taga ya watso min a ƙafa. Sai harbi, ba irin na fim ba, wani ƙaramin ta-ta-ta ne kamar ana buga ƙusa a kwano. Na bi matakalar ma'aikata da gudu, takalmina ɗaya ya fita, ina taka jinina ina zamewa.

A ƙasa na ci karo da Okumu. Ya tara mutane a ɗakin wanki, bayan manyan injina, baƙi da ma'aikata, har da Madam Nyokabi tana ta haki.

"'Yar Machakos, kin iso? Shigo nan, kada ki tsaya min a ƙofa."

Har a wannan hali tsokanata da sunan garinmu ba ta bar bakinsa ba.

Shekara goma sha shida yana tura kurar wanki a ƙasan nan, ya san kowane lungu. Akwai wani dogon zaure da ke ɓullewa ƙofar masu kwasar shara. Matsalar, a tsakiyarsa akwai bakin matakalar kicin, kuma ta nan 'yan bindigar suke kai da komo. Sai ya riƙa ɗibar mutane uku-uku, ya leƙa, ya tsallakar da su, ya dawo.

Kafin ya fara ya ɗaga hannu.

"Duk mai waya ya kashe ta yanzu, ina gani. Kashewa, ba rage murya ba."

Baƙi suka fito da nasu suna kashewa. Ya dube ni.

"Ke taki tana loka, ko?"

Madam Nyokabi tana gefena, kafaɗarta tana gogar tawa.

Na ce, "Tana loka."

Ku zage ni, na cancanta. Ana kashe mutane a saman kanmu, ni kuma abin da ya zo min a rai shi ne kada a kore ni daga aiki. Na ce a raina da Madam ta juya zan kashe ta a ɓoye. Madam ba ta juya ba, ta maƙale min a hannu kamar ni na haife ta. Da aka zo ɗibar su kuma harbi ya matso kusa, kaina ya ɗauke, na manta da akwai wani abu waya a duniya.

Muka rage mu biyu, ni da wata tsohuwa baƙuwa da harsashi ya samu a cinya. Ni ma na yunƙura zan tashi ƙafata ta ƙi.

Okumu ya dawo, rigarsa sharkaf da gumi.

"Tashi mana."

"Ba zan iya ba, Yaya. Ka tafi kawai."

"In tafi in ce wa mijinki me? Shiga nan."

Ya janyo kurar wanki, ya sa ni a ƙasa, ya ɗora tsohuwar a kaina, ya lafta mana zanen gado masu datti da tawul. Nauyinta ya danne min hannaye duka biyu. Ina jin warin turaren wani baƙo a jikin tawul ɗin da ya rufe min fuska.

Tayar kurar tana ƙiiƙii. Kullum muna yi masa tsiya ya sa mata mai, kullum sai ya ce gobe.

Can ta tsaya cak.

Na ji ya tura mu gefe, cikin jerin sauran kurorin da ke jingine da bango. Ya sunkuyo, bakinsa dab da zanen.

"Suna kan matakala. Ko numfashi ne ki riƙe."

Na ji takun takalma a sama. Mutum biyu. Suna magana a hankali, ɗaya ma har da 'yar dariya. Tsohuwar tana karkarwa a kaina, jininta yana bin wuyana. Na ciji tawul don kada haƙorana su riƙa haɗuwa.

Takun ya fara nisa. Wallahi sun wuce, sun riga sun wuce.

Sai ƙirjina ya ɗauki waƙa.

Waƙar coci ce da Kioko ya sa min, wadda take fita in shi ne ya kira. Ban taɓa sanin tana da ƙarfi haka ba, zauren gaba ɗaya ya amsa. Na yi ta fizgar hannuna, ya ƙi fita.

Takun ya tsaya. Ya juyo. Ya fara saukowa.

Hannun Okumu ya shigo ƙarƙashin zanen yana lalube, ya bi ƙarar har ya zaro ta. Ya ɗaga gefen tawul ɗin kaɗan, muka haɗa ido. Na ɗauka zai zage ni. Bai ko ɓata fuska ba.

"Kada ki motsa, ƙanwata."

Bai kashe ta ba. Sun riga sun ji, in ta yi shiru a nan kurorin za su bincika ɗaya bayan ɗaya. Ya bar ta tana waƙa, ya kwasa da gudu ya yi baya, ta inda muka fito. Ina jin waƙar tana nisa, tana hawa wata matakalar. Takalman suka wuce ta gefen kunnena suka bi shi.

Ta katse. Ta sake ɗauka.

Sai harbi huɗu.

Waƙar ta ci gaba ita kaɗai har ta ƙare.

Awa biyar muka yi a cikin kurar kafin sojoji su yaye zanen. Tsohuwar ta koma ƙasarsu, ba ta san ma wayar wa ta yi ƙara ba. Ɗakin lokoki kuwa ya ƙone ƙurmus, da wayar Okumu a ciki. A can Awiti ta yi ta kira, ba kowa a wurin. Ni kuma da Kioko ya rungume ni a asibiti yana kuka yana cewa na ƙi ɗaga kiransa, na ce masa tana loka, ta ƙone.

In na faɗi gaskiya na sauke wa Awiti, na ɗora wa mijina. In na yi shiru matar nan ta ci gaba da ƙarewa. Shekara guda ina juya wannan, kuma kada in yi muku ƙarya, tsoron kaina ya fi komai yawa a ciki.

*

Fasto ya yaye ƙyallen, mata suka ɗauki waƙa. Na ce a raina saura kaɗan a ci tuwon masara da kifi mu kama hanya, in tsira da sirrina.

Sai Malam Opiyo ya karɓi lasifika. Yayan Okumu ne, tsohon hedimasta, irin mutanen da in sun kama lasifika sai an roƙe su. Yana riƙe da wani ambulan mai ruwan ƙasa.

"Jama'a, shekaranjiya 'yan sanda suka damƙa min kayan da aka samu a jikin ƙanena. Ban buɗe ba. Na ce sai a gaban uwarsa da ku duka."

Na san abin da ke ciki.

Na kama hannun Kioko. "Tashi mu tafi."

"Ina za mu? Ana tsaka da abu."

"Kaina ke ciwo. Don Allah tashi."

"Haba, Maman Ndanu. Mutumin da ya ba da ransa dominki? Zauna."

Malam Opiyo ya yage bakin ambulan. Yana fitarwa yana ɗagawa sama, kamar ranar rabon kyaututtuka a makaranta.

"Agogonsa."

Uwar Okumu ta karɓa ta manna a ƙirji.

"Zoben aurensa. Katin aikinsa."

Ya ɗan dakata, ya waiga inda Awiti take tsaye bayan rumfa da butarta.

"Sai kuma wayar. To, labarinta kowa ya sani, ba sai na maimaita ba."

Ya zaro ta.

Ja ce, 'yar ƙarama, gilashinta a tsage. A bayanta, cikin robar da ke rufe ta, akwai hoton yarinya da kitso biyu, rabinsa ya rine da baƙin jini.

Hannun Kioko da ke kan gwiwata ya janye a hankali. Shi ya saya min ita, shi ya saka hoton Ndanu a ciki.

Awiti ta ajiye butar a ƙasa. Ta tako ta tsakiyar mutane har gaban surukinta, ta tsura wa wayar ido.

"Yaya, wannan ba tasa ba ce."

"'Yar Gem, yau ba ranar musu ba ce," ya ce, yana kiranta da sunan garinsu.

"Tasa baƙa ce, an ɗaure bayanta da roba. Ni na ɗaure masa. Wannan ba tasa ba ce."

Malam Opiyo ya gyara tabarau, ya juya wayar, ya kalli hoton.

Rumfa ta ɗauki ƙus-ƙus.

"Wayar mace ce fa."

"Ga hoton yarinya."

"Kai, maza. Ashe yana da wani gida a Nairobi."

"Dubi goshin yarinyar, ba nasa ba ne kuwa?"

Wata ce ta faɗi wannan a bayana, wadda ko hoton ba ta hango ba. Uwar Okumu ta fara buga ƙirji tana kiran sunansa. Mutumin yana kwance can gefe, fulawar da aka zuba masa ko bushewa ba ta yi ba, za a ƙulla masa abin da bai ji ba bai gani ba.

Ban san yadda na miƙe ba.

"Tawa ce."

Ba wanda ya ji. Na sake faɗa.

"Wayata ce. Yarinyar 'yata ce, ga ubanta nan zaune."

Kowa ya juyo yana kallona.

Malam Opiyo ya sauke lasifika daga bakinsa. "Yarinya, me wayarki take yi a hannun ƙanena?"

Na faɗa musu. Ban san da wane harshe na fara da wane na ƙare ba. Na faɗi loka, na faɗi Madam Nyokabi, wadda take kujera ta uku da ni ta toshe baki da hannu. Na faɗi yadda ya tambaye ni na yi masa ƙarya. Na faɗi kurar wanki, da hannunsa da ya shigo, da yadda ya bar ta tana waƙa ya gudu.

"Bai ɓuya aka gano shi ba," na ce. "Shi ya ja su da kansa. Wayarsa tana loka tun safe, bai taɓa karya doka ba. Maman Tobi, kiranki bai same shi ba. Ko ɗaya bai same shi ba."

Wani saurayi cikin dangi ya ture kujerarsa ya yo kaina, maza biyu suka tare shi. Na ji wata tana cewa a fitar da ni daga gidan kafin a yi abin kunya. Na runtse ido ina jiran saukar duka.

Da na buɗe, Awiti ce a gabana. Ta karɓe wayar daga hannun surukinta. Idonta a bushe, da ma kuka take da ya fi min sauƙi.

"Tun yaushe kika san abin da ake faɗa a kaina?"

"Tun ranar jana'iza."

"Ranar da kika rungume ni a bakin ɗakin can."

"E."

"Kika ce in yi haƙuri, haka Allah ya so."

Ta ƙara matsowa kusa da ni.

"Ɗazu ma na tambaye ki. Na durƙusa a gabanki na tambaye ki."

"Na ji tsoro, Maman Tobi."

"Tsoro," in ji ta, kamar tana ɗanɗana kalmar. "Tobi ya dawo daga makaranta ya tambaye ni ko da gaske ne ni na kashe babansa. Kin san me na ce masa? Na ce e."

Uwar Okumu ta daina buga ƙirji. Ta zuba wa surukarta ido, baki a buɗe.

Awiti ta ɗaga wayar dab da fuskata.

"Waya ba ta kiran kanta. Wa ya kira ki?"

"Maman Tobi, don girman Allah..."

"Wa ya kira?"

"Ban duba ba. Wata lamba ce da ban..."

"Mwikali, ya isa haka."

Kioko ne. Shekara bakwai rabonsa da kiran sunana na yanka. Ya miƙe yana dafe da bayan kujera, fuskarsa ta yi fari fat kamar an shafa masa toka.

"Ƙarfe huɗu saura," ya ce, ba ni yake kallo ba. "Ina tsaye a bakin shagon aski, ana nunawa a talabijin. Ta shiga ba a ɗaga ba. Na sake kira. Na sake."

Ya juya ya fuskanci Awiti.

"Ni ne, Mama. Ni na kira."

Awiti ta taka ta isa gabansa, mutane suna ja da baya. Ta kamo hannunsa, ta buɗe tafin, ta ɗora masa wayar, ta naɗe yatsunsa a kai ɗaya bayan ɗaya.

"Riƙe, ɗan'uwa. Shekara guda ina ɗauke da ita, na gaji. Ba ta barin mutum ya yi barci, gara ka sani tun yanzu."

Kioko ya zube a kujera.

Sannan ta juyo gare ni.

"Ke kuma biyo ni."

Fasto ya matso. "'Yata, bari mu yi addu'a tukuna."

"Ku yi abarku, Fasto. Ni da ita ne."

Ta nufi ɗakinta. Na waiga in ga ko Kioko zai ɗago ya ce kada in je. Bai ɗago ba.

Awiti tana tsaye a bakin ƙofa tana jirana, hannunta a kan sakata.